Sifanu Bakwai da San Huɗar Baba

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna gaya wa baƙi cewa kakanku na wajen uwa, marigayi Malam Sani, shi ne ubangidana da ya koya mini kanikanci. Ban taɓa katse ku ba, don maganar tana da daɗin ji, shi ma da yana raye in ya ji ta dariya kawai yake yi. Amma yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, gareji ya koma hannunku, na ga ya kamata in rubuta muku yadda abin ya faru. Malam Sani bai koya mini riƙon sifana ba. Farkon sanina da shi ma raina shi nake yi, kuma na faɗi hakan da bakina a gaban mutane.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Malam Garba, a Birnin Kudu, a garejinsa na bakin babban titi. Bakaniken manyan motoci ne, mutum dogo mai ƙarancin magana, ba ya taɓa babur ko injin niƙa ko da za ka kwana kana roƙonsa. Kayan aikinsa tsofaffi ne, sun yi baƙi saboda hannu da mai, amma duk 'yan Jamus ne. Idan aka tashi aiki sai mun goge kowanne da tsumma kafin mu wanke hannunmu. Shekarun da na yi a wajensa ban taɓa ganin sifanarsa ta buɗe baki a kan noti ba. Duk ranar da wani direba ya fito da tasa 'yar arhar daga ƙarƙashin kujera, Malam Garba zai karɓa, ya juya ta, ya miƙa masa abarsa.

"Mayar da ita inda ka ɗauko," yakan ce. "Wannan za ta cinye kan notin, ta kuma fasa maka yatsu."

Da wannan karatun na taso, kuma na haddace shi fiye da yadda ya kamata.

Bayan an yaye ni sai na koma Gwaram gidan Baba, an gama girbi ke nan. Yayyena maza duk sun tafi Kano nema, ni ne auta, ni kaɗai na rage a gabansa. Baba manomi ne, dukiyarsa da ake gani da ido ita ce shanun huɗarsa guda biyu, wani fari da wani ja. Da su yake huɗe gonakinmu, da su yake yi wa maƙwabta aiki. Ranar wata kasuwa da safe na ga ya kwance jan, ya shafa masa doro, ya ja shi ya fita. Inna tana bakin murhu, ta bi su da kallo har suka fice daga zaure. Bayan la'asar ya dawo da igiya a kafaɗa, ya kira ni, ya ajiye ƙullin kuɗi a gabana.

"Gobe ka shiga Kano ka sayo kayan aikinka," ya ce. "Cikakken akwati nake son gani, irin na Malam Sani, wanda duk abin da aka kawo maka za ka sa hannu ka ciro maganinsa. Ga rani a gabanka. Abin da ka samu kafin ruwa ya sauka mu haɗa mu sayi ɗan maraƙi mu horar."

Na ce, "Baba, da ka bari na fara da aro."

Ya ce, "Ba ka yi shekarun nan a ƙarƙashin mota don ka zo kana aro ba. Tashi ka je."

A kasuwar 'yan kayan ƙarfe ta Kano na shiga rumfar wani dattijo mai farin gemu. Na gaya masa sabon bakanike ne ni. Sai ya jawo wani jan akwati mai hawa uku ya buɗe. Sifanu tun daga 'yar mitsitsiya har babba, kowacce a gurbinta, ga soket masu rufe kan noti a jere, ga sukudireba kala-kala, ga filaya, ga guduma, ga abin kwance fulogi, duk suna walƙiya. 'Yan Taiwan ne, in ji shi. Kuɗin hannuna zai saye akwatin, ya sayi jak na ɗaga mota, har a sami ragowar da za a kafa rumfa. Daga nan ya miƙa hannu can bayan kanta ya ɗauko wasu sifanu 'yan Jamus a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Waɗannan ba sa walƙiya. Na ɗauki ɗaya na ji nauyinta ya zauna a tafin hannuna yadda na saba ji a garejin Malam Garba. Na ƙwanƙwasa ta a bakin kanta, ta yi ƙara siririya mai tsawo. Na ɗauki ɗaya daga cikin jan akwatin na ƙwanƙwasa, ta ce ƙwas ta yi shiru. Da ya faɗi kuɗinsu na gane cewa kuɗin san Baba gaba ɗayansa ba zai sayi ko rabin abin da ke cikin jan akwatin nan ba in dai irin waɗannan nake so.

Na fita na zaga kasuwa, na dawo, na sake fita. Na yi azahar a wani masallaci na zauna ina tunani. Ina jin muryar Baba yana cewa cikakken akwati, ina kuma ganin fuskar Malam Garba in ya ji labarin yaronsa ya sayi 'yan Taiwan. Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce, ba ingancin ƙarfe kaɗai ya rinjaye ni ba. So nake a ce da ni bakaniken gaske, a bambanta ni da masu gyaran babur na ƙauye. Na koma na zaɓi sifanu bakwai, manyan soket huɗu da dogon mariƙinsu, filaya ɗaya, sukudireba ɗaya. Kuma da na zo zaɓen lambobi, hannuna sai ya tafi kan waɗanda muke ɗauka kullum a wajen Malam Garba, wato na notunan manyan motoci. Dattijon yana naɗe su ya ɗago ya dube ni.

"Samari, wane irin aiki aka fi kawowa a garinku?"

Na ce, "Aikin mota, Baba."

Ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ya zuba mini su a wani buhun gishiri, don babu sauran kuɗin akwati.

Na iso gida rana ta yi sanyi. Baba yana zaune a kan buzunsa a tsakar gida, Inna tana tankaɗe. Na gaishe su, na shimfiɗa buhun, na jera kayan ɗaya bayan ɗaya ina bayani, wannan 'yar Jamus ce, wannan har jikokina za su yi aiki da ita. Baba ya duba, ya duba bayana wajen ƙofa.

"Sauran suna tasha?"

Na ce, "Su ke nan, Baba."

Ya ɗauki babbar sifanar ya auna ta a hannu, ya ajiye a hankali. Daga turke farin san ya yi kuka, shi kaɗai.

"Sa guda," in ji Baba. "Sa guda a cikin buhun gishiri."

Ya tashi ya ɗauki butarsa. Inna ce ta matso ta tattara kayan ta mayar cikin buhu, ta ce, "Auta, tashi ka ci tuwo. Tunda ka ce masu kyau ne, masu kyau ne."

Na kafa zama a ƙarƙashin wata darbejiya kusa da tasha. Tsallaken titi kuwa rumfar Malam Sani ce. Ku kun san shi da furfura da carbi, ni na san shi gajere kakkaura mai yawan dariya, riga duk baƙin mai. Akwatinsa ya tsufa har da robar tayar keke yake ɗaure shi. A ciki akwai sifanar da aka yi wa walda sau biyu, da wadda ta lanƙwashe, da sukudireba mai ƙotar itace da ya sassaƙa da kansa. Duk 'yan arha ne, yana sayensu ɗaya-ɗaya ranar kasuwa. Amma babu abin da za a kawo masa ya rasa abin taɓa shi.

Ni kuwa kwana uku kawai na yi na gane inda na yi kuskure, sai dai ban yarda na faɗa ko a zuciyata ba. A Gwaram ta wancan lokacin babur ake kawowa, da injin niƙa, da injin ban ruwa, sai 'yan ƙananan motocin kasuwa. Notunansu ƙanana ne. Mafi ƙanƙantar sifanata ta yi wa yawancinsu girma. Ba ni da abin kwance fulogi, ba ni da jak, ba ni da ko guduma. Mutum zai turo babur ɗinsa ya tsaya a gabana don ya san Baba, in saurari injin in gane ciwonsa sarai, amma ba ni da abin buɗewa. Sai in ce masa wannan ba irin aikina ba ne. Ya tura abinsa ya tsallaka titi, ina kallo Malam Sani ya gama masa kafin a sha ruwa. Manyan motoci kuwa wucewa suke yi, direbobinsu suna da nasu kanikawan a Birnin Kudu da Kano, wa ya san wani yaro a ƙarƙashin darbejiya?

Wata safiya Malam Sani ya tsallako da kansa, ya yi mini sallama, ya ce in ina bukatar ƙananan sifanu ko jak in zo in ɗauka, ba sai na tambaya ba. Na yi godiya sama-sama. Washegari a teburin mai shayi, ana cike, wani ya tsokane ni ya ce me ya hana ni aron kayan Malam Sani. Sai na ɗaga murya na ce ni ba na aiki da kayan wasan yara, wanda ya san ƙarfe ba zai sa wannan tarkacen a kan motar mutane ba. Wasu suka yi dariya. Da na juya sai na ga Malam Sani a ƙarshen benci da kofinsa a hannu. Ya shanye shayinsa, ya biya, ya yi wa kowa sallama har da ni, ya tafi. Har yau in na tuna wannan safiyar sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

Rani ya yi ta tafiya. Abin da nake samu bai wuce na sabulu ba. Tuwon gidan Baba nake ci safe da yamma, ƙato da ni. Wata rana Inna ta kira ni bayan ɗaki inda take ɗaure akuyarta, ta yi ƙasa da murya.

"Auta, in na sayar da ita ranar kasuwa, ai za ta sayi ƙananan nan irin na Malam Sani ko? Babanka ba sai ya sani ba."

Na ce, "Inna, ba zan haɗa kayana da ƙarfen banza ba."

Ta dube ni ta ce, "Ƙarfen banzan nan shi yake ciyar da gidan mutum tara a tsallaken titi."

Duk da haka ban yarda ba. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba duk tsawon ranin, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Sai da gajimare ya fara haɗuwa a gabas ya ce da ni, yana gyara ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba, "In ruwa ya sauka ka rataye buhun nan ka biyo ni gona."

Babu maraƙi, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Maƙwabcin da Baba ya so su haɗa shanu shi ma nasa ya yi rauni a ƙafa. Don haka Baba ya shiga cikin manoman unguwarmu da suka haɗu suka ɗauko hayar tarakta daga wajen wani Alhaji a Birnin Kudu, za ta bi gonakinsu ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙu har ciki. Tarakta ta zo ta yi gona uku. Tana cikin ta huɗu, wadda ke iyaka da tamu, sai tayar gaba ta fara kuka, ta karkace, direban ya kashe injin. Boris ɗin cikin tayar ne ya ƙone, wato ƙarfen da take juyawa a kansa. Aka tafi aka ɗauko Malam Sani. Ni ina gonarmu ina sassabe, ina hango taron mutane, na ƙi zuwa. Na ce a raina ba a kira ni ba.

Rana ta take tsaka sai na hango mutum yana ratso kunyoyi yana nufo ni. Malam Sani ne, hannunsa na dama a naɗe da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki.

"Habu, sannu da aiki. Ina 'yan Jamus ɗin nan naka?"

Na ce suna gida.

"To yi sauri ka ɗauko. Notunan tayar sun yi tsatsa sun kafe. Mariƙina ya karye, ya tafi da fatar hannuna. Wannan aikin ya fi ƙarfin kayana, na kayanka ne."

Haka ya faɗa, kai tsaye, ba tare da wani nauyin baki ba, ga mutumin da ya kira kayansa tarkace a gaban jama'a. Na jefar da addar na ruga gida.

Da na iso na tarar ya riga ya ɗaga gaban taraktar da jak ɗinsa a kan wani katako, ya tokare ta da kututture, ya jiƙa notunan da kananzir. Manoma sun kewaye wajen, Baba yana cikinsu a tsugune, ya dafa sandarsa. Na sa babban soket ɗina, ya zauna a kan notin daram kamar tare aka ƙera su. Na sa dogon mariƙin, na taka da ƙafa na ɗora nauyina. Noti ya yi wata ƙara kamar an karya busasshen reshe, ya juya. Mutane suka ɗauki kabbara. Na kwance na biyu, na uku, na huɗu. Kaina ya fara girma, na saci kallon Baba. Sai na zo kan biyun ƙarshe, waɗanda sifanar Malam Sani ta riga ta cinye musu kai tun da safe. Soket ɗina ya yi ta zagayawa a kansu yana zamewa. Na gwada ta kowace fuska, gumi ya jiƙe ni, na rasa yadda zan yi. A garejin Malam Garba ba mu cika haɗuwa da noti mai cinyayyen kai ba, kuma in an haɗu da shi akwai wuta da za a gasa shi. Nan kuwa tsakiyar gona ce.

Malam Sani ya tona akwatinsa da hannun hagu, ya ciro wani soket nasa wanda ya ɗan fi notin ƙanƙanta, ya ɗora a kai, ya miƙo mini guduma.

"Doka shi ya shiga da ƙarfi."

Na ce, "Malam, ai zai fashe."

Ya ce, "Ya fashe mana. Ranar kasuwa in sayi wani. Naka za ka yarda a doke shi da guduma?"

Na doka har ya cije notin. Muka sa dogon mariƙina, muka danna tare, shi da hannu ɗaya. Notin ya juya, soket ɗin ya tsage gida biyu ya faɗi a ƙasa. Malam Sani ya yi dariya ya shure shi gefe. Na ƙarshen kuwa da kurfinsa, ƙarfen sara mai kaifin baki, muka sare shi, ina riƙe yana nuna mini inda zan sa baki. Da taya ta fita, abin zare boris ma nasa ne, wani ƙarfe mai ƙafa uku da aka yi wa walda. Tun daga azahar har rana ta yi ja, in na ajiye nawa sai in ɗauki nasa. Babu ɗayanmu da zai iya aikin nan shi kaɗai, kuma duk wanda ke wajen ya ga hakan.

Da muka miƙe Baba ya matso ya ce, "Malam Sani, mun gode. Allah ya ba hannun nan lafiya."

Malam Sani ya ce, "Ɗanka za ka yi wa godiya, Malam. Ni tun safe nake fama. Yaron nan ya san aiki, kunnensa ma yana jin inji. Kayan ne kawai bai gama haɗawa ba."

Baba bai dube ni ba. Amma a hanyar gida ya karɓi buhun daga hannuna ya rataya a kafaɗarsa, shi ya ɗauke shi har zaure.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da daɗi a nan. Direban ya tafi neman sabon boris a Birnin Kudu bai samu ba, sai da ya wuce Kano. Kafin ya dawo mu ɗaura, ƙasa ta bushe, ruwa kuma ya ɗauke kwanaki. Gonarmu ita ce kusan ta ƙarshe da aka huɗe a unguwar. Dawar da muka shuka a makare ba ta cika ido ba, rumbunmu bai kai rabin inda ya saba kaiwa ba. Da a ce na sami abin kirki a ranin nan an sayi maraƙi, da Baba ya huɗe gonarsa da ruwan farko kamar kowace shekara. Kafin wata damina hatsi ya ƙare mana, kuma akuyar da na hana Inna sayarwa don kayan aiki, ita aka kai kasuwa aka auno gero. Sai a shekara ta biyu na iya sayo wa Baba sa. Duk wannan su suka ɗauke shi a kan zaɓin da na yi ni kaɗai a rumfar dattijon nan, kuma har suka bar duniya babu wanda ya taɓa goranta mini a cikinsu.

Washegarin ranar taraktar na yi sammako na tsallaka titi. Malam Sani yana kwance robar akwatinsa da hannu ɗaya. Na tsuguna na gaishe shi, na ce na zo neman gafara a kan maganar da na yi a wajen mai shayi.

"Wace magana?" in ji shi.

Na ce, "Malam, ka ji ta."

Ya ce, "Na ji. Ta yi mini zafi kuwa, kwana biyu ban sha shayi a can ba. Amma rabinta gaskiya ce, ga hannuna shaida." Ya nuna mini benci na zauna. "Kana tsammani ban san ƙarfe mai kyau ba? Na sani. Ni dai ban taɓa samun wanda zai sayar da sa dominna ba. Ranar da na fara, da sifana biyu na fara, kuma a ranar ake jiran cefane a gida. Abin da ya kamata ka gane, kowane ƙarfe da inda ake sa shi. Wanda za ka dinga dannawa da ƙarfinka kullum, in kana da hali sayi mai kyau. Wanda za ka ɗauka sau ɗaya a wata, ko wanda za a doka, a lanƙwasa, a ba direba aro ya tafi da shi, ɗan arha ya isa. Kuma in ka san abinka ɗan arha ne, kada ka ba shi amanar ranka. Ka ga na taɓa shiga ƙarƙashin mota a kan jak ɗin nan ban sa kututture ba?"

Na ce ban gani ba.

"To ɗauko buhunka ka dawo nan inuwa. Darbejiyar nan taka tsuntsaye sun gama ɓata maka riga."

Haka na koma rumfarsa. Da safe in yi gona da Baba, da hantsi in zo mu yi aiki. Direban taraktar nan ya baza labari a Birnin Kudu, sai ga manyan motoci sun fara tsayawa a wajenmu ɗaya-ɗaya. In babbar mota ce ni ne a gaba da kayana, in babur ne ko injin niƙa shi ne a gaba ina kallon hannunsa. Bai taɓa kirana yaronsa ba, abokin aikina yake cewa, alhali ya kusa haifata. Auren mahaifiyarku ya zo ne shekaru bayan haka, lokacin har na buɗe nawa wajen. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da Malam Garba da ya nuna mini ƙarfe, na gode masa da iyayen da suka ɗauki asarata ba su ce uffan ba, na kuma gode masa da ya sa mutumin da na wulaƙanta ya ratso gona da hannu yana jini ya kira ni da sunana.

Bayan girbin shekarar muka shiga Kano tare, da ɗan abin da na tara. Shi ya yi mini jagora rumfa-rumfa. Ya zaɓar mini ƙananan sifanu 'yan arha, da abin fulogi, da guduma, da kurfi, da jak, yana ciniki yana sa masu kaya dariya har su rage. Ya hana ni sayen akwati, ya ce kafinta zai haɗa mini na katako a gida. Mun kama hanyar tasha sai ya ce in jira shi a bakin wani masallaci, ya manta wani abu. Ya daɗe. Da ya dawo ban ga komai a hannunsa ba.

Sai da mota ta fita gari, ta miƙi hanyar Birnin Kudu, ya zura hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani abu a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Sifana ce lamba goma sha bakwai, 'yar Jamus, guda ɗaya tak. Ya ƙwanƙwasa ta a ƙarfen kujera, ya kai ta kusa da kunnensa yana saurare har ƙarar ta mutu, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Sannan ya mayar da ita aljihu ya dafa.

"Shekara ashirin ina wuce rumfar da ake sayar da irinta," ya ce. "Habu, kada ka gaya wa kowa a Gwaram. Za su ce na bi ka."

Ban gaya wa kowa ba sai yau. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba da Inna, ya sa aljanna ce makomarsu.